Dillaliya da Ƙafafun Jirgin Mijinta

Wata dillaliyar kwanuka ce a Zariya, ta rasa miji, ta sami ɗaki guda cike da ƙarfe. Mijin tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekara talatin yana gyaran kan jirgi. Da ya yi ritaya sai ya kwashi kuɗin sallamarsa ya sayo wani ɗan inji mai sassaƙa ƙarfe, irin wanda ake ba umarni ta kwamfuta, ya kafa shi a ɗakin da ke kusa da zaure. Ba ƙofa yake ƙerawa ba, ba garma ba. Ƙafafun jirgin ƙasa yake fitarwa, ƙanana na tagulla, kowace ba ta fi bakin kofin shayi ba, ya ɗaura wa 'yan jiragensa su yi ta zagaya dogon da ya shimfiɗa a kan tebur. Ƙafa ɗaya sai ta ci masa mako, yana aunawa yana mayarwa cikin inji a ƙara shaftare abin da ido ba ya gani. In ta kawo masa abinci sai ta ce, "Malam, yau ma jirgin naka bai isa Kano ba?" Shi kuwa ya ce fasinja ne ba su cika ba.

Da ya rasu aka zo rabon gado, magada suka leƙa ɗakin, ba wanda ya san kansa, sai aka ce shi ne tumuninta. Ba ta yi gardama ba. Mace ce da ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba. Karatunta bai wuce ta gane lambar takardar kuɗi ba, amma a ciniki ba a taɓa kayar da ita ba. Ta ƙudurta a ranta da kuɗin kayan nan za ta riƙe kanta har tsufa, kada ta zauna kallon hannun suruki.

Tana fita takaba sai ga abokin marigayin daga Kaduna, wani malamin makarantar koyon sana'a, wanda shi ma ciwon ƙananan jiragen nan ke damunsa. Ya yi gaisuwa, ya duba kaya, ya taya naira miliyan biyu. Ta ce albarka. Ba wai ta san kuɗin kayan ba ne. A wurinta, wanda ya sallama a tayin farko bai san kasuwa ba. Mutumin ya ce to, zai dawo bayan damina.

Da ya tafi ta tsaya ta dubi kayan da idon dillaliya. Inji ya yi baƙi da maiƙo, ƙafafun sun dushe. Ita kuwa tun tana budurwa ta san kwano mai ƙyalli shi ke kiran mai saye. Ta ɗaura zani a ƙirji, ta kawo toka da yashi da lemon tsami da soson ƙarfe. Kwana tara tana dirza, ƙafa bayan ƙafa, har fatar yatsunta ta saɓule. Injin kuma ta wanke shi tas da sabulu da ruwan zafi, ba ta bar ɗigon mai ko a lungu ba. Wani lokaci sai ta ga shatin yatsan mijin a jikin tagulla, ta ɗan dakata, sannan ta ci gaba, tana jin hidimar ƙarshe ce take yi masa. Ta jera su a faranti suna walƙiya kamar kayan ɗakin amarya, ta ja ƙofa.

Damina ta wuce, malamin ya dawo. Ta buɗe masa ɗaki tana taƙama. Ya shiga. Ya ɗauki ƙafa huɗu ya ɗaura wa jirgi, ya tura shi a kan dogo, a kwanar farko ya kife. Ashe kowace ƙafa tana da ɗan leɓe siriri a gefe, shi ke riƙe ta a kan dogo, shi ne abin da marigayin ke kashe mako yana aunawa, kuma shi yashi ya cinye. Ya murɗa hannun inji, ya ƙi motsi. Tsatsa ta kama duk inda mai ya bari. A hankali ya ce, "Hajiya, baƙin da kika wanke, rigar injin ce."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dubi yatsunta, ta dubi farantin, ta gane da hannunta ta goge shekarun mijinta. Malamin ya ce injin zai gyaru amma da wahala, zai ba da dubu ɗari takwas. Ƙafafun kuwa yanzu sai dai a ɗora su a sikeli, a biya kuɗin tagulla. Ta ce albarka. Suka yi ta ja tun azahar har aka kira la'asar, shi yana jin nauyinta, ita tana jin nauyin kanta. Can ta gyara mayafi ta ce, "Ƙafafun ba na sayarwa ba ne, ba za a auna aikin mijina kamar gwangwani ba. Inji kuwa, dubu ɗari takwas da biyar. Biyar ɗin kuɗin sabuluna ne. Na sallama."

Hausawa dai sun faɗa tun da: garin neman gira, a rasa ido.