Notin Tsohon Marfi

Kai da kake cewa abin da ya ɗauki kayanka bara zai ɗauka bana, zauna ka ji labarin wani mai walda. Ya taɓa ƙera wa matan garinsu tankin tururi na turara shinkafa, marfinsa ɗaure da noti takwas, ya yi shekaru ko tari bai taɓa yi ba. Da kaka ta yi albarka, shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta fi ƙarfin bakin tankin, sai matan suka roƙe shi ya faɗaɗa shi. Ya yanke bakin ya ninka faɗinsa, ya yi sabon leɓe da sabon marfi. Da ya zo ɗauri kuwa sai ya kwaso tsofaffin notin nan ya mayar, wai ai ya san halinsu. Mutum ne mai amana da abin da ya saba, irin wanda ba ya canza wanzami ko da askar ta dakushe.

Ranar gwaji aka hura wuta, mata suka kewaye tankin da kwanduna, har da ƙanwarsa mai goyo tana tsaye dab da marfi. Allurar agogon da ke auna ƙarfin tururi a tankin ta fara hawa, sai wani siririn fito ya ɓullo daga tsakanin leɓe da marfi. Ya ɗauki sifana ya ƙara ɗaure noti ɗaya, ya ji ya juya da laushi kamar ana murɗa danƙo. Lissafin da ya ƙi yi a shago ya zo masa a tsaye: tururi kowane ɗan fili na marfi yake turawa, kuma baki in ya ninka biyu a faɗi, filinsa huɗu yake ninkawa. Noti kuma ba a auna ƙarfinsa da kaurin da ido ke gani, sai can ƙasan tiredi, wato tsagin da ake murɗawa, inda ƙarfen ya fi sirancewa. Ashe kayan jaki huɗu ya ɗora wa jaki ɗaya, ga shi yanzu da hannunsa ya ƙara ja masa igiya. Tsoro ya kama shi ƙwarai, kunya ma ta kama shi, don in ya kashe wutar shinkafar mutane ta lalace, gari kuma ya ji cewa gwani ya yi kuskure. Ya dubi allura tana ta hawa, ya dubi kan jaririn da ke lilo a bayan ƙanwarsa. Ya daka tsawa, "Ku ja baya! Ku janye itacen!" Ya buɗe famfon sakin tururi.

Matan ba su raga masa ba, har wata ta ce gobe ma sai ya zo ya koya musu daka. Da ƙarfe ya huce ya kwance notin a gabansu. Uku sun miƙe sun yi ƙugu kamar zanzaro, na huɗun kuwa sifana na taɓa shi ya tsinke biyu. Ƙanwar ta kwance goyonta ta rungume, ta zauna a ƙasa ba tare da ta nemi tabarma ba.

Kafin a sake hura wa tankin nan wuta, sai da ya auna filin marfi, ya fitar da kaurin notin da ake bukata, ya huda leɓen ya sa noti masu ƙiba da yawan da ya dace. Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.