Abin da Ke Ƙarƙashin Hular Ɗan Gayu

Ɗan Gayu ya gyara zaman hularsa da yatsa biyu, a hankali, kamar mai taɓa ƙwai. Jirginsa na waje ya sauka, saura minti arba'in na cikin gida ya tashi. Tsakaninsa da ƙofa sai layin sabuwar na'urar nan: ka ɗora yatsa, ka kalli kamara, ta faɗi ko kai ne ko ba kai ba.

Dillalin motoci guda, mai cikar zati, wanda ko madubi bai taɓa yi wa musu ba, wai yau sai akwatin ƙarfe ya shaide shi. Duniya ta lalace.

Ba yatsan ke damunsa ba. Abin da ke ƙarƙashin hular ne. Guda dubu uku cif, an jera su ɗaya bayan ɗaya a wani ɗaki mai sanyi, inda ba a tambayar mutum dalili. Wanda ya yi aikin ya ja masa kunne: kwana goma kada hannu ya taɓa, kada rana ta gani. Shi kuma ya ƙara nasa sharaɗin, kada wani mahaluki ya sani. Matarsa taron dillalai ta san ya tafi. Baiwar Allah, ita ma ta cusa masa hular nan mai faɗi a jaka, wai ko za a yi rana.

Bai yi sakaci ba. Wata biyu yana bin jadawalin ma'aikatan wurin da dabara, tambaya ɗaya yau, ɗaya jibi, har ya gano ranar da jami'ar da yake tsoro take hutu. Laraba. Ya yanki tikitin Laraba.

Layi ya matsa, ya hango teburi. Ita ce zaune.

Ya juya zai sauya layi, wani jami'i mai riƙe da kare ya kafe shi da ido. Ya dawo. Gumi ya gangaro ta bayan kunnensa, bai isa ya share ba. Matar da ke bayansa ta janye jakarta ta rungume.

Jami'ar ba ta gaishe shi ba. Ta karɓi fasfo, ko buɗewa ba ta yi ba ta buga ranar haihuwarsa. Ya ɗora yatsa, fitila ta yi kore. Ya kalli kamara, ta yi ja. Ya ɗaga haɓa, ya ba ta gefen fuskarsa da ya fi kyau. Ja.

"Ranka ya daɗe, a cire hula."

Ya sassauta murya ya ce mura yake fama da ita. Ya ce na'urar ce ba ta saba ganin irin fuskarsa ba. Ya ce a shekarunsa a tube masa kai a bainar jama'a, ina tarbiyya? Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce zaɓi biyu ne: ko a nan, ko ɗakin bincike, jirgi kuma ba zai jira ba. Mai kare ya matso taku biyu. Lasifika ta yi kiran ƙarshe.

Ya rufe ido, ya ɗaga hular da hannu biyu.

Mai kare ya leƙa, ya ciji leɓe, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Fitila ta yi kore. Jami'ar ta miƙe tsaye ta daɗe tana duban tsakiyar kansa, ta gyaɗa kai, ta miƙa masa fasfo.

"Sauka lafiya, Baba. Mama ce ta sa na sauya ranar hutu, ta ce in duba mata ko dashen gashin ya kama."