Ƙashin da Ya Kayar da Ɗalibai Talatin

Farfesa ya turo wa ɗalibar likitanci ƙashi a kan tebur. "Tambayar ƙarshe. Saman ƙashin ƙugu ne. Na mace ne ko na namiji?"

In ta kasa, sai ta maimaita shekara. Tana juya shi, dariya ta kuɓuce mata.

"Ranka ya daɗe, ai na akuya ne! Na mutum faɗi gare shi kamar kwano, don ya tallafe hanjin mai tafiya a tsaye. Wannan kuwa dogo ne, siriri."

Farfesa ya buga tebur. "Ɗalibai talatin ƙashin nan ya kayar yau! Wane littafi kika karanta?"

Shekara biyu tana ce wa ƙawayenta babanta ɗan kasuwa ne. Ta ɗaga murya har ƙawayen da ke jira a bakin ƙofa suka ji.

"Ba littafi ba ne. Babana mahauci ne!"