Gwanjon Bindiga

Saura minti guda a rufe gwanjon intanet, wani ya ƙara dala hamsin. Wata mata ta ƙara ɗari, bindigar ta zama tata.

Bayan mako biyu aka kawo ta shagon wani dillali mai lasisi a Kentucky. Ana binciken sunanta, ita kuwa tana ta dudduba lambar jikin bindigar, kada a ce wata daban ce. Ita ce.

"Baiwar Allah, harsashi nawa zan haɗa miki?" in ji dillalin.

"Ko ɗaya. Da ita aka kashe ɗana, aka gama shari'a hukuma ta mai da ita kasuwa. Kana da injin yankan ƙarfe?"

Dillalin ya cire hularsa, ya jawo injin.