Hatimin Ummu Ra'id

"Babu," in ji Ummu Ra'id, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kwalin kusoshin da take warewa.

Abu Yazan ya nuna bango da makullin motarsa. Ga hannuwan taya nan, ƙarafan da ke riƙe tayar mota, a rataye har guda shida, sababbi fil.

"Waɗancan fa? Ado ne?"

"Akwai su. Na ɗanka ne babu."

Shekara tara ke nan tana riƙe da shagon a unguwar makanikai ta Sahab, a ƙasar Jodan, tun rasuwar mijinta. Motocin tseren nan masu kujera ɗaya, masu tayoyi tsirara a waje, ba su wuce ashirin ba, kuma ita ke kawo musu kaya. Dokar ƙungiyar masu tseren ce: duk ƙarfen da ba ta matse masa hatimin dalma mai lambar mota ba, ba a hawa layin tsere da shi. An yi haka don kada mai hali ya rinjayi talaka da kayan waje.

Yazan, ɗan Abu Yazan, shi ne kan gaba a bana. A tseren watan jiya motarsa ta ƙwace a kwana ta huɗu, ta wuntsula sau uku, ya fito ko ƙwarzane babu. Ubansa ya yanka raguna biyu, ya tayar da motar cikin sati biyu. Ƙarfe ɗaya ya rage, mai riƙe tayar gaba ta hagu. Tseren ƙarshe kuwa ranar Asabar ne.

Shi Abu Yazan ya yi shekara goma sha biyar yana tsere, bai taɓa ɗaga kofi ba. Har ya sa kafinta ya yi wa na ɗansa gurbi a falo.

Kafin la'asar zance ya zagaye unguwa. Aka ce gidan su Nidal, wanda ke bin Yazan a maki, su suka saye ta. Makanikai suka daina amsa sallamarta. Wani ya zubar mata da baƙin mai a bakin ƙofa. Ta ɗebo yashi ta rufe, ta buɗe shago, ta sa karatun safe kamar kullum.

Ranar Alhamis suka zo mata da tawaga, maza takwas, Alhaji Muflih shugaban ƙungiya a gaba. Ta shimfiɗa musu kujeru tsakanin tayoyi, ta zuba gahawa. Dattijon ya karɓi ɗan kofin ya ajiye a kan teburi bai kurɓa ba. Kowa ya san ma'anar wannan: ba za a sha ba sai an biya buƙata, kuma gidan da gahawa ta huce a cikinsa ya shiga bakin mutane ke nan.

"'Yar'uwa," in ji Alhaji Muflih, "mijinki abokina ne. Kada ki mayar da furfurata hannu rabbana."

"Furfurarka a kaina take, Alhaji. Ka roƙi wani abin."

"To, laifin me yaron ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba."

"Ku ji fa!" Abu Yazan ya miƙe tsaye. "Nawa suka ba ki, tsohuwa? Faɗi, in ninka. Ko carbin nan na ƙirga dinari ne?"

Wasu suka yi dariya. Yazan na can baya jikin ƙofa, hannuwansa cikin aljihun rigar sanyi duk da zafin da ake yi. Ubansa ya juya ya daka masa tsawa: "Kai ba ka da baki ne? Kofinka ake cinyewa!"

Yazan ya tako gaba, idonsa a kan bango.

"Allah ya isa tsakanina da ke," ya ce da ƙarfi. "Kin kashe mini shekara. Macen da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ita za ta zaunar da ni?"

Leɓenta ya motsa da tasbihi, ba da su take ba. Tururin kofin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Alhaji Muflih ya gyara rawaninsa, ya tashi.

"Lahadi ƙungiya za ta zauna. Ki tanadi hatimin, za a aiko."

Suka fita babu sallama.

Ranar Asabar aka yi tsere, motar Yazan na lulluɓe a gareji, Nidal ya ɗaga kofi. Ranar Lahadi aka aiko, ta naɗe abin matse hatimin a tsumma mai tsabta ta miƙa. Aka mayar da shi wani shago a garin Zarƙa.

Washegari da hantsi tana sauke kaya daga bango, tunda ba mai sayen ƙarfe babu hatimi, sai ga Yazan shi kaɗai. Makanikai suka ajiye sifana suka fito kallo. Wani ya ce, "Yau tsohuwa za ta ji a jikinta." Babu wanda ya taka don ya tare shi. Ya shiga, ya jawo ƙofar ƙarfe da ƙafa ya rufe.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zube a kan gwiwoyinsa, a daidai inda ya zube sati uku da suka wuce.

"Inna, wallahi ban san za su raba ki da shagon ba."

"Ni na sani tun ranar da ka haɗa ni da Allah kada in sayar maka ko duniya za ta taru a kaina," ta ce. "Fito da hannuwan nan in gani. Tun hatsarin nan, har yanzu rawar suke yi?"