Fuskar Wanzami

Laifinsa ɗaya ne, shi ma ba ya musu: ba ya iya ganin ƙurji a fuskar mutum ya ƙyale. Shekara ashirin yana aski a kasuwar Gummi, duk saurayin da ya miƙa masa kai sai ya matse masa ƙuraje, wai gyara ce.

Yau ga wani ango daga Gwashi ya dawo, saura kwana tara biki, kumatu duk baƙin tabo.

"Baba, malamar asibiti ta ce matsar da kake mini ce ta jawo. Wai in daina taɓawa, in rage shiga rana, in riƙa shafa man da ta rubuta, a hankali zai dushe."

Masu jiran aski kowa ya shiga shafa nasa tabon. Wanzami ya ga kasuwarsa tana shirin watsewa, sai ya jawo kwalbarsa ta lemun tsami da kanwa.

"Yaro, dubi fuskata. Ƙurajen da na yi ina saurayi ba su ƙirguwa. Ka ga tabo ko ɗaya? Matsa ce da wanga magani. Ga Inna nan, tambaye ta."

Mahaifiyar wanzamin tana gefe da farantin ƙuli-ƙuli. Ta ɗago kai.

"Ƙuraje kam ya yi su. Amma wa ya isa ya matse mashi? Da ka kai hannu sai ihu, ya ruga bayan rumbu. Haka muka bar su suka warke."