Feyoniyar da Ta Ƙi Yin Fure

Bana ma ganye kawai ta yi.

Don Evaristo ya durƙusa da ƙyar a gaban shukar, gwiwoyinsa na ƙara. Duk gonarsa ta furen feyoniya da ke bayan garin Coyhaique ta yi toho, an yanka, an ɗaure, mota ta kwashe. Wannan ɗaya ce ta ƙi. Ita ce kuwa ya haɗa da hannunsa: ya ɗebo garin da ke cikin jan fure ya shafa wa fari, ya shuka irin, ya zauna jira. Sa'o'inta tuni suka yi fure har suka gaji.

Ba abin da ya rage masa sai ya ga launinta. Tun shekarar da zuciyarsa ta fara ba shi wahala yake faɗa a bakin murhu: "Ita kaɗai ta riƙe ni. Ranar da ta buɗe, na gama. Sai in kwanta in bi iyayena."

"Bi su mana, wa ya tare maka hanya?" in ji matarsa Ubaldina, tana murƙushe ɓawon ƙwai cikin bokitin ƙasar da take zuba wa dankalinta. "Amma ka fara gyara mini rufin akurki, tsoho."

"Dankali dai ba kaza ba ne da za ki ba shi ɓawon ƙwai, tsohuwa."

Ya yi wa shukar duk abin da ya sani. Taki, ruwa, sare reshen da ke mata inuwa. Shi ya dasa ta, kuma ba wanda zai koya masa ƙa'ida: idon saiwa kada ya wuce yatsa biyu a ƙasa. In ya nutse, ganye za ka yi ta kallo har ka mutu.

In sanyi ya gabato bayansa kan riƙe. Sai Ubaldina ta karɓi almakashi ta je ta yanke wa shukar busassun karare. Ita da ke mita a kan komai, wannan aikin ba ta taɓa yi masa mita ba.

Yau dai ya gaji. Ya miƙe ya ɗauko shebur.

"Ina za ka da wannan?" Ubaldina ce, tana tsaye a bakin ƙofa.

"Tone ta zan yi in yar."

"Bar ta ta ƙara shekara."

"Shekarar wa?"

Ta zuba wa sheburin ido. Ba ta kuma koma ciki ba.

Ya kasa kafa wa shukar ƙarfe. Ya ajiye sheburin ya sa hannu. Yatsa biyu, babu ido. Huɗu, babu. Sai da ya nutsa har wuyan hannu sannan ya taɓo saiwar, lafiyarta ƙalau, idanunta jajaye a binne can ƙasa.

Ya ɗago ƙasar a tafinsa ya kai ta kusa da ido. Ba irin ta wurin ba ce. Baƙa ce mai laushi, an yi ta zuba ta kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara, kuma cike take da farin ɓawon ƙwai.